Amanar Mai Buga Hatimi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, ku sani ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, wato aya ta 282 ta Suratul Baƙara, a kan bashi take magana. Allah Ya umarce mu da mu rubuta shi, wanda ake bi ya yi shibta, a kafa shaidu, kada kuma marubuci ya ƙi rubutawa.

A Maroko har yau adulai ke riƙe da wannan aiki. A Nijeriya kuwa akwai notari, wato lauyan da Babban Jojin Ƙasa ya naɗa don ya tabbatar mai sa hannu shi ne da kansa, ya rantsar, ya buga hatimi. Wani lokaci har gida ko asibiti akan kira shi.

To, a nan amana take ƙara nauyi. Idan ya tarar da tsoho kwance, 'ya'ya sun kewaye shi, wajibi ne ya duba: yana cikin hankalinsa? Ba a tilasta shi ba? Ku kuma iyali ku tuna, wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuma yin ta ga magaji, sai in sauran magada sun yarda. Wanda ya buga hatimi bisa ƙarya ya yi shaidar zur, ita kuwa tana cikin manyan kaba'irai. Kuɗin aikin ya ƙare, alhakin marayu yana nan.

Allah Ya kiyashe mu, amin.