Wa Ke Da Littafin Gado?

Jama'a, in mutum ya rasu ya bar gona da shanu, alƙali ya san yadda zai raba su. Amma in ya bar littafi rubutun hannu, wanda watakila babu irinsa ko'ina, na wane ne? Na magada ne, su kulle shi a ɗaka, ko kuwa na jama'a ne, a kai shi ɗakin littattafai na kwaleji? Wannan tambaya ta shafi ƙasar Gwandu ƙwarai.

A Gwandu ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, a nan kuma aka binne shi a 1829. Ya wallafa littattafai masu yawa, cikinsu har da Liya'ul Hukkami, wanda ya rubuta wa mutanen Kano wajen 1806 a kan sha'anin mulki, da Tazyinul Waraƙati na 1813, da babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili. Babu injin buga littafi a ƙasar nan a zamaninsa, saboda haka almajirai suka yi ta kwafa da alƙalamin kara da tawada. Takardar kuwa, mai yawa daga Italiya ta fito, ta ratso Sahara bisa raƙuma. In ka ɗaga ta a hasken rana sai ka ga alamar jinjirin wata uku a jikinta. Ba a ɗinke warƙoƙin, sai a haɗa su cikin tadarishi a sa a gafaka. Don kada su rikice, mai kwafa kan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a gindin wadda ya gama.

To, mai gida ya ce, "Kakana ya kwafe shi da hannunsa, albarkar gidanmu ce, in na bayar yaushe zan sake ganinsa?" Ba mu ga laifinsa ba, gama dukiyarsa ce, ba wanda ke da ikon ƙwace ta, ko da sunan ilmi. Amma gara ba ta san darajar kaka ba, haka nan ɗigon damina da gobarar hunturu. Kuma in an zo rabon gado aka raba warƙoƙi tsakanin 'ya'ya, kowa ya tafi da nasa kashi, littafi ya mutu ke nan, ko da ya ke ba warƙar da ta ƙone.

Masu kwaleji kuma su ce, "Ku kawo mu adana." Sun yi aiki, ba shakka. A Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wani ma'aikacin ɗakin littattafai, Kensdale, ya buga jerin littattafan Larabci rubutun hannu da ke wurinsu tsakanin 1955 da 1958. A 1963 kuma Hiskett ya buga Tazyinul Waraƙati a Ibadan tare da fassarar Turanci, har mutanen nesa suka san Malam Abdullahi. Amma fa ajiya kaɗai ba ta raya littafi.

Ku dubi abin da ya faru a Ingila. Wani ma'aikacin gwamnati, Samuel Pepys, ya rubuta labarin kwanakinsa daga 1660 zuwa 1669 da wani irin gajeren rubutu mai alamu. A 1724 aka kai littattafansa Kwalejin Magdalene a Kambirij. Ba ruwa, ba gara, amma sai da suka yi kusan shekara ɗari labarin nan na kwance ba mai karanta shi. Daga baya wani ɗalibi, John Smith, ya duƙufa wajen shekara uku yana warware alamun, aka buga wani sashe a 1825. Yau daga nan ake sanin abubuwa da yawa game da annobar London ta 1665 da babbar gobarar 1666. Kwaleji ta tsare takarda, ɗalibi ya tashe ta.

Ga abin da muka gani. Takarda da tawada na magada ne, amma abin da ke rubuce amana ce, gama wanda ya rubuta don a karanta ya rubuta. Mai gida ba dole ne ya rabu da gadonsa ba, amma ya wajaba ya bari a ɗauki hoton warƙoƙin, a rubuta sunan littafin cikin jeri. Kwalejin da ta karɓa kuwa, ita ma ta riƙe amana: ta rubuta sunan gidan da ya fito, kada kuma ta rufe wa jikokin mai shi ƙofa.

Saura naku, 'yan makaranta. Ga jami'ar tarayya da aka kafa a 2013, mazauninta na wajen Kalgo, wataƙila waɗansunku can za su. In kun iya boko kuka kāsa karanta hannun kakanninku, wa zai karanta? Ku je wurin malaman zaure tun suna da rai, ku koyi Larabci da ajami, ku tambayi dattawan gidanku abin da ke cikin gafakar da ke rataye. Kowane zamani kamar warƙa ne, yana bin na gaba bashin kalma ɗaya a gindinsa. Allah ya sa kada jerin ya yanke a kanmu, amin.