Abota a Filin Sukuwa: Wa Ake Ɓoye wa Wuƙa?

Masu iya magana na cewa, abokin cin mushe ba a ɓoye masa wuƙa. Manufarsu ita ce, duk wanda ka haɗa kai da shi a kan wata harka, ko da ta ɓarna ce, yana da hakkin ya san abin da ake ciki, ya kuma sami rabonsa. Wato dai karin maganar ya ɗauka cewa ko a tsakanin miyagu akwai ragowar amana. Abin da nake so mu auna a wannan maƙala shi ne, ko wannan magana tana nan daram idan aka kai ta filayen sukuwa irin na ƙasashen Turawa, inda ake zuba dukiya mai ɗimbin yawa a kan doki guda, mutum ya zama attajiri ko matsiyaci cikin 'yan mintoci.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san yadda wannan caca take tafiya. Dillalan caca sukan yanka wa kowane doki farashi gwargwadon zaton da ake yi masa. Dokin da ba a sa ran zai ci ba, ana iya cewa wanda ya sa fam 1 a kansa zai ci ribar fam 20 idan ya zo na ɗaya. Sai dai farashin ba a tsaye yake ba. Da zarar kuɗi sun fara kwarara a kan wani doki, dillalai sukan sha jinin jikinsu, su rage ninkin, daga 20 ya koma 10, ya gangara zuwa 3. Ke nan babban ɗan caca jari biyu gare shi, kuɗi da sirri, kuma sirrin ya fi kuɗin tsada. Ga labarai biyu da za su nuna mana abin da wannan lissafi yake yi wa abota.

Na farko ya auku ne a ƙasar Ailan, a watan Yuni na 1975, a wani ƙaramin filin sukuwa mai suna Bellewstown. Wani gogaggen ɗan caca, Barney Curley, yana da doki da ake kira Yellow Sam, wanda aka yi ta sa shi a tseren da bai dace da shi ba, har jama'a suka raina shi. Curley ya zaɓi wannan fili ne saboda tarho ɗaya tak jama'a suke iya amfani da shi a wurin. Dalili kuwa, shagunan caca na cikin garuruwa suna biyan mutane ne da farashin da dillalan fili suka tsayar a lokacin da aka saki dawaki. Idan shago ya ga kuɗi sun yi yawa a kan doki, sai ya buga waya fili a karya farashin. Curley ya baza mutanensa a shaguna ko'ina cikin ƙasar, kowa da umarni a rufe cikin ambulan, ba a ba su izinin buɗewa ba sai ana dab da fara tsere. Wani amininsa kuma, Benny O'Hanlon, ya shige ɗakin tarhon kimanin minti 25 kafin a fara, ya riƙe kan waya yana nuna kamar yana bin halin wata gwaggonsa da ke bakin mutuwa a asibiti. Tausayi da kunya suka hana kowa ya ce masa ya sauka. Farashi ya tsaya a ninki 20, doki ya ci, fam dubu 15 da 'yan kai suka haifi sama da fam dubu 300.

Na biyu ya faru a birnin Brisbane na ƙasar Ostareliya, ran 18 ga Agusta, 1984, a filin Eagle Farm. A nan zamba ce tsagwaronta. Wani mai suna John Gillespie ya shirya a saka ingarman doki mai suna Bold Personality a madadin wani rago da ake kira Fine Cotton. Ta hanyar sabon da ya yi a kurkuku da ɗan'uwan wani mai horar da dawaki, Hayden Haitana, ya jawo shi Haitana cikin shirin. Da yake launin dawakin biyu bai zo ɗaya ba, sai aka shafa wa na aron rinin gashi irin na mutane, aka kuma yi masa farin fenti a ƙafafu. Amma tun kafin a hau, zance ya riga ya bazu, wannan ya raɗa wa abokinsa, wancan ya tsegunta wa nasa. Kuɗi suka yi ambaliya daga sassa daban-daban, farashi ya faɗo daga ninki 33 zuwa uku da rabi. Dokin ya ci da ƙyar, amma alƙalan fili sun riga sun tsargu, ga kuma fenti yana zuba. Aka soke nasarar, waɗanda suka sa kuɗi suka tashi a tutar babu. Gillespie da Haitana suka tafi gidan yari, aka kuma haramta wa Haitana shiga filayen sukuwa, hukuncin da ba a ɗage ba sai a 2013.

To, idan muka jera labaran nan biyu, me muka gani? Shirin Curley ya yi nasara ne domin ya ɓoye wa mafi yawan mutanensa wuƙa. Ya amince musu da kuɗinsa, amma bai amince musu da sunan dokin ba. Shirin Gillespie kuwa, ɗaya daga cikin abubuwan da suka rusa shi shi ne, waɗanda suka sani sun yi abin da aboki yakan yi, wato sun kasa ganin arziki su ci su kaɗai. A nan ne ƙullin yake. Babbar caca ba ta yiwuwa sai da abokai, domin mutum ɗaya ba zai iya tsayuwa a shaguna da yawa a lokaci guda ba, amma kuma ba ta jure wa abota ta gaskiya, domin kowane aboki da ka gaya wa, ya rage maka riba. Sana'a ce da take koya wa mai ita ya dubi amininsa ya yi lissafin nawa gaskiyar da zai faɗa masa za ta ci.

Mai karatu yana iya cewa, ai duk wata harka ta arziki da kasada a cikinta, kuma abota ba ta nuna kanta sai a wurin haɗari. Wannan gaskiya ne. Fataken da suka riƙa kai kaya Gwanja sun haɗa kai sun ratsa dazuzzuka, wasu sun dawo da goro, wasu ba su dawo ba. Amma a dubi bambancin. Yawan abokan tafiya ƙarfi ne ga ayari, kuma falken da ya gaya wa ɗan'uwansa inda 'yan fashi suke bai yi hasarar kome ba. Sa'an nan ribar fatauci tana fitowa ne daga amfanin da aka kai wa wasu. A caca kuwa babu abin da aka noma, babu abin da aka ƙera. Abin da ya shiga aljihun wannan daga aljihun wancan ya fito. Saboda haka kasadar falke tana ɗaure mutane wuri ɗaya, ta ɗan caca tana sa kowa ya riƙa duban hannun na kusa da shi.

Ana kuma iya cewa, ai Curley bai karya doka ba, dillalai sun biya shi, amininsa ma ya cika alkawari. Haka ne, kuma adalci ne a faɗi cewa bayan rasuwar ɗansa a haɗarin mota a 1995, ya karkata ga tara kuɗi domin makarantu da asibitoci a ƙasar Zambiya, har zuwa mutuwarsa a 2021. Duk da haka, a lura da irin hidimar da aka nema daga aminin. An sa shi ya yi ƙarya da mutuwa, ya mai da tausayin bayin Allah makami a kansu. Cika alkawari abin yabo ne, amma wanda ya roƙi abokinsa ya zubar da gaskiyarsa dominsa, ya karɓi abin da ba zai iya mayar masa ba, kome yawan kason da ya ba shi.

Sai kuma batun wanda haɗarin yake faɗa wa. A ranar Yellow Sam, mahayi ne yake tsallake shinge a guje, aminin ne yake tsaye a idon jama'a, shi kuwa mai dokin yana laɓe a cikin wani kurmi a tsakiyar fili don kada a gane shi. A Brisbane ma, Haitana ya sha faɗa daga baya cewa barazana aka yi wa rayuwarsa da ya nemi ja da baya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ma'aunin da ya kamata a ɗora kowace irin tarayya a kai shi ne: shin wanda zai sha wuya ya san iyakar abin da ya shiga, kuma yana da ikon ya ce a'a ba tare da ya rasa abokin ko ransa ba? Idan amsar babu ce, to, sunansa ɗan aike, ko da ana kiransa amini. Abin lura ne cewa da Alƙur'ani ya zo hana caca a Suratul Ma'ida, illar da ya ambata tun kafin shagala daga sallah ita ce gaba da ƙiyayya a tsakanin mutane.

Kada mu ɗauka wannan magana ta tsaya ga Turawa da dawakinsu. Yau caca ta shigo cikin wayar hannu, ta sami wurin zama a ɗakunan kwanan ɗalibai, galibi a kan ƙwallon ƙafa. Ranar da abokinka ya zo maka da fara'a, ya ce ya sami labari tabbatacce, ka ranta masa kuɗin makarantarka zuwa gobe, ka tuna cewa sirrin da ya iso kunnenka ya riga ya ratsa kunnuwa da yawa, kuma wanda ya san gaskiyar lamarin ba zai raba ta kyauta ba. Hana shi zai yi zafi, yana iya ƙaurace maka na wani lokaci. Amma gara ya yi fushi da kai yana da abin komawa, da ku taru ku biyu kuna zargin juna a kan abin da ya riga ya salwanta. Abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa, kuma wanda ya iya gaya maka ita tun tana nesa, shi ya fi cancanta ka riƙe.