Ƙofar da ta Buɗe da Kanta

Karatu: Ayyukan Manzanni 16:25-34

Wata ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, na sauka daga mota don in gaisa da wani ɗan'uwa, na bar makulli a ciki. Ban yi taku uku ba sai na ji "ƙas", ƙofofin huɗu sun kulle kansu. Bayan kwana biyu kuma, muna hanyar Sule Tankarkar da yara a baya, sai makullan suka buɗe babu wanda ya taɓa su. Uwargida ta fara tsawata wa Shaiɗan. Ni ma na ce amin, ba zan ɓoye muku ba.

Mai gyaran wayar mota a Gumel ya janye robar da ke tsakanin ƙofar direba da jikin mota, ya nuna mini waya guda da buɗewa da rufewa suka cinye bayanta. Duk sa'ad da ta taɓa ƙarfe, makullan sai su ɗauka an ba su umarni. Ba mala'ika, ba aljani. Waya ce ta goge.

'Yan'uwa ƙaunatattu, mu mutanen addu'ar buɗaɗɗun ƙofofi ne, kuma daidai ne. Ƙofar ƙarfe ta buɗe wa Bitrus da kanta, ya fita, domin mala'ikan Ubangiji ne yake gabansa. Amma kowace ƙofa da ta buɗe ba mu taɓa ba, Allah ne ya buɗe ta?

Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023, wani matashi ya zo wurina da murna. An yi masa tayin ɗaukar jarkokin fetur ta barauniyar hanya da dare, kuɗin tafiya ɗaya ya fi abin da yake samu a mako. Ya ce, "Baba, ban nema ba, da kanta ta zo. Ba Ubangiji ba ne?" Yana da iyali, hatsi ya yi tsada, ban raina damuwarsa ba. Sai dai hujjarsa kaɗai ita ce ƙofar ta buɗe da kanta. Ƙofar motata ma haka ta yi, muna cikin gudu, ɗana yana jingine da ita.

Na buɗe masa labarin Filibi. Da tsakar dare Bulus da Sila suna yabo, ƙasa ta girgiza, dukan ƙofofin kurkuku suka buɗe, sarƙoƙi suka kwance. Wannan ma ba wayar da ta goge ba ce, hannun Allah ne. Duk da haka ba su fita ba. Da sun fita, da yari ya kashe kansa, gama ya riga ya zare takobi. Bulus bai tsaya kan wa ya buɗe kawai ba. Ya duba wanda zai halaka in ya bi ta ƙofar. A daren nan yari ya wanke musu raunukansu, aka yi masa baftisma da dukan gidansa. Da gari ya waye suka fita ta ƙofar, mahukunta suna ba su haƙuri.

Na tambayi matashin, "In aka kama ka, wa zai ciyar da yaran? In ba a kama ka ba, za ka iya tsayawa ranar Lahadi ka ba da shaidar yadda kuɗin ya zo?" Ya yi shiru. Muka durƙusa muka yi addu'a. Da zai tafi ya ce mutumin yana jiran amsarsa kafin Alhamis.