Sudusi da Sumuni: Kwatanta Kaso a Aji da Wajen Rabon Gado

Kaso a lissafi dangantaka ce tsakanin yanki da abin da aka yanko shi daga ciki. Rabin buhun shinkafa da rabin mudu duk rabi ne, amma ba wanda zai yarda a musanya masa ɗaya da ɗaya. Saboda haka ba a kwatanta kaso biyu sai an san cewa daga abu guda aka fitar da su.

Kuskuren da ɗan firamare ya fi yi shi ne ya ɗauka ɗaya bisa takwas ya fi ɗaya bisa shida, tunda takwas ta fi shida. Lambar ƙasa kuwa yawan masu rabo take nunawa, kuma duk sa'ad da masu rabo suka ƙaru, rabon kowa raguwa yake yi. Maganin da malamin aji yake koyarwa shi ne a nemo lambar da shida da takwas duk suke raba ta ba saura, wato 24. A nan sudusi, wato ɗaya bisa shida, ya zama 4, sumuni, wato ɗaya bisa takwas, ya zama 3, gardama ta ƙare. Yaran Bagudo ta jihar Kebbi, musamman na garuruwan iyakar Benin irin su Tsamiya, Illo da Lolo, sun san wannan dabara a kasuwa tun kafin su gan ta a allo: ba a cewa kuɗin wane ya fi na wane alhali ɗaya naira ce ɗaya sefa, sai an mayar da su kuɗi iri guda.

Wannan lissafi ne ginshiƙin ilimin fara'ili, wato ilimin rabon gado. Ayoyi na 11, 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun ambaci kaso shida: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Malaman ƙasar Gwandu, wadda Bagudo take cikinta, suna karantar da su a mazhabar Malikiyya daga littattafai irin su Risala da Muhtasar. Abin da malamin aji yake kira lambar ƙasa ta tarayya, shi mai rabon gado yake kira asalin mas'ala.

Tambaya mai nauyi tana tasowa ne idan aka tara kason magada suka zarce dukiyar. A ƙaddara mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba, kuma bayan an biya kuɗin jana'iza, bashi da wasiyya, naira 2,700,000 ta rage. Matar tana da sumuni, 3 cikin 24. 'Ya'yan suna da sulusi biyu, 16. Uwa da uba kowa sudusi, 4 da 4. Jimla 27 cikin 24. Kowane kaso nassi ne ya yanke shi, ga shi kuma dukiyar ba ta isa a cika wa kowa ba. Wa za a rage wa, kuma da wace hujja?

Irin wannan mas'ala ta fara zuwa gaban hukuma ne a zamanin halifa Umar ɗan Haɗɗabi. Bayan shawara da sahabbai, ya yanke cewa ragin ya hau kan kowa gwargwadon rabonsa, bisa ƙiyasi da mamacin da bashi ya fi ƙarfin abin da ya bari, inda kowane mai bi yake karɓar ƙasa da haƙƙinsa daidai da girman bashinsa. Wannan shi ne auli. A misalin sama, sai a raba dukiyar gida 27 maimakon 24, kowane gida naira 100,000. Matar ta sami 300,000, kowace 'ya 800,000, uwa da uba 400,000 kowannensu. Sumunin matar ya koma ɗaya bisa tara, kuma wannan ce mas'alar da ake kira Mimbariyya, don an ruwaito cewa Sayyidina Ali ya amsa ta yana kan mumbari.

Abdullahi ɗan Abbas bai yarda da auli ba. A ganinsa a fara cika wa waɗanda rabonsu kullum yankakke ne, irin su miji, mata da uwa, ragin ya faɗa kan 'ya'ya mata da 'yan'uwa mata, tunda su a wani hali saura suke ci. Da wannan ra'ayi matar za ta karɓi 337,500, kowace 'ya kuwa 731,250. Mazhabobi huɗu na Sunna sun bi Umar. Shi'a Imamiyya suna kan irin matsayin Ɗan Abbas.

Tushen saɓanin fahimtar kaso ne. Ɗan Abbas ya ɗauki sumuni a matsayin adadi tsayayye daga dukiyar, wanda taɓa shi taɓa nassi ne. Umar ya kiyaye nisan da ke tsakanin magada: kafin auli rabon 'ya'yan da na matar 16 ne da 3, bayan auli ma haka yake. Hujjar Umar ta fi ƙarfi ta wannan fuska, domin nassi bai jera magada a sahun wanda za a fara cika wa ba, kuma duk wanda ya jera su ya ƙara wani abu daga ijtihadinsa, kamar yadda mai auli ma ya ƙara.

Iyaka tana kawo wata matsala ta daban. A jihar Kebbi kotunan shari'ar Musulunci suna raba gadon Musulmi bisa fara'ili, ɗa namiji yana ɗaukar ninkin rabon mace. A Jamhuriyar Benin kuwa dokar iyali ta 2004 ta daidaita rabon 'ya'ya maza da mata. Iyalin da ke da gona a fadamar kogin Kwara da kuma gida a Segbana ta Benin suna iya samun kansu ƙarƙashin ma'auni biyu. Ko a gefe guda ma, gona da shanu ba sa yankuwa gida 27 cikin sauƙi, shi ya sa masu rabo suke fara yi wa kowace kadara ƙima da kuɗi, su haɗa jimla, sannan su fitar da asalin mas'ala.