Allah Ba Ya Makara



Babu wanda ya manta daminar 2022. Kogin Haɗeja ya cika ya batse, ruwa ya shanye shinkafa a fadama tun ba ta fid da kai ba, katangun ƙasa suka jiƙa suka zube, iyalai suka koma kwana a azuzuwan firamare da tabarmi da tukwane. Har yau akwai mai biyan bashin takin da ruwa ya tafi da shi. Kuma har yau ana jin tambayar nan bayan an tashi sujada: mun yi addu'a, mun yi azumi, me ya sa Allah ya makara?

Ku saurara da kyau. Mai makara shi ne wanda lokaci yake mulkinsa, Allah kuwa shi ya yi lokacin. Kafin a yi safiya ta fari yana nan. Ba a haife shi ba balle ya tsufa. Jihar Jigawa a 1991 aka ƙirƙiro ta, da yawa cikinmu sun girme ta. Duwatsun Dutse sun girme kakannin kakanninmu, amma su ma akwai ranar da babu su. Shi kaɗai ne ba shi da farko, ba shi da ƙarshe, jiya da gobe duk a buɗe suke a gabansa.

Ibrahim yana da shekara 75 aka yi masa alkawari, sai da ya kai 100 ya rungumi Ishaku. A tsakani matarsa Saratu ta gaji da jira ta kawo dabararta, kun kuwa san rigimar da ta shiga gidan.

Ga ma misali na kusa da mu. A 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasar Hausa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Shekara ba ta wuce ba sosai, a 1894, biyu suka mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida da zazzaɓi a jiki, ko mutum ɗaya bai tuba a hannunsa ba. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake kora shi. Da a ranar ka tambayi mai hankali, cewa zai yi asara ce tsagwaronta. Amma a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, a 1954 aka kafa cocin ECWA. Wannan littafin da ke hannunki, Mama, wanda bangonsa ya yage kika ɗinke da zare, Gowans bai taɓa ganin irinsa ba. Allah ya gan shi a hannunki tun ana haƙa kabarin Girku.

Saboda haka ku bar zuwa wurin boka ko mai duba don jin labarin gobe. Abin kunya ne a ce akwai mai yi a cikinmu, amma akwai. Mutumin da bai san ranar mutuwarsa ba, me zai sayar maka?

Kada kuma wani ya ce tunda lokaci na Allah ne, bari ya naɗe hannu. Tuban da kake ɗagawa sai bayan girbi, wa ya ba ka tabbacin girbin? Ɗan'uwan da kuka daina gaisawa kan iyakar gona, ka je wurinsa yau kafin rana ta faɗi. Wanda yake da ragowar iri ya auna wa gwauruwar da rumbunta ya rushe, matasa kuma ku taru ranar Asabar ku tayar mata da katanga kafin hazo ya sauko.