Rijiyar Gayya da Famfon Baƙi

A bazarar da ta wuce na tafi ƙasar Bebeji don in ɗauko waƙoƙin daka da na niƙa, waɗanda nake so in rubuta kundina a kansu. Na sauka a Ƙofa, daga nan wani abokina ya goya ni a babur zuwa ƙauyensu. Waƙoƙin na samo su, amma na komo da wata tambaya wadda ta hana ni sakat, ita ce nake so in ajiye a gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu.

Kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, wannan kowa ya sani. Amma rani a can ma wata shida ne ko bakwai, kuma idan damina ta yi tsaiko bayan shuka, talaka ba shi da inda zai sa kansa. A bakin ƙauyen na tarar da famfon tuƙa-tuƙa, an yi masa daɓen siminti mai kyau, ga allo an kafa da sunan waɗanda suka bayar. Ya mutu, har akuya ta mai da daɓen wurin kwana. Can cikin gari kuwa ga wata tsohuwar rijiya wadda kakanninsu suka haƙa da gayya, mata sun yi cincirindo a bakinta. Kowace shekara samari kan shiga su yashe ta, ba mai biyansu ko kwabo.

Da fari zuciyata ta yi saurin yanke hukunci, irin namu na 'yan boko. Na ce wa wani dattijo, “Baba, ashe a kawo muku abu har gida, gyara ma ya gagare ku?” Ya dube ni ya ce, “Yaro, ran da suka zo ba su tambayi kowa ba. Sun haƙa inda motarsu ta iya shiga, suka ɗauki hoto, suka tafi. Mun sha, mun gode. Da ya lalace ba mu san ƙofar da za mu buga ba, kuma wa zai kwance kayan da ba nasa ba?”

To, ga tambayar: shin kyakkyawar niyya ta isa ta wanke mai taimako, idan bai nemi shawarar wanda zai taimaka ba?

Kada mai karatu ya zaci maganar famfo ɗaya ce. A wannan ƙasa ta Bebeji ne aka datse Kogin Kano, aka gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, Allah Ya jiƙansa. Shekarun nan kuwa su ne na babban farin da ya kashe dabbobi ya kori mutane daga Nijar da arewacin ƙasar nan. Wanda ya ga shinkafa da tumatir da alkamar da ake nomawa da rani a Kadawa da Kura ba zai ce aikin banza aka yi ba. Amma ruwan ya shanye gonaki da gidajen dubban mutane, aka tashe su. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar da masunta da makiyaya da manoma suka dogara da ita ta ragu. Watau alherin wani ya fito daga aljihun wani, shi kuwa ba a zauna da shi ba.

Ina sane da amsar da za a ba ni, kuma tana da nauyi. Za a ce in da sai kowane mai gona ya yarda, da har yau ba a aza harsashin Tiga ba, yunwa kuwa ba ta jiran a gama taro. Na yarda. Sai dai neman shawara daban, neman iznin kowa daban. Wanda aka zauna da shi, ko bai so ba, ya san an ɗauke shi mutum, kuma yakan faɗi abin da injiniya bai sani ba, kamar inda ruwa ke kwanciya da inda makabarta take. Wanda aka tsallake kuwa an gaya masa, ba da baki ba, cewa cikinsa kaɗai aka gani.

Ban ce gayya ba ta da nata zalunci ba. Na lura rijiyar nan tana dab da ƙofar gidan mai unguwa, kuma matan da igiyar guga ta cinye wa tafin hannu ba sa zama inda ake yanke magana. Ashe su ma 'yan gari sun iya yin alheri ba shawara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kaina. Ran da zan taho, wata tsohuwa wadda ta rera mini waƙa bakwai ta ce, “Ɗan nan, waƙoƙin nan ina za ka kai su?” Na ce jami'a, Inna. Ta ce, “To, su can me za su yi da su?” Sai a sannan na tuna kwana huɗu ina kunna na'ura a gabanta, ban taɓa gaya mata dalili ba, balle in tambaye ta ko ta yarda. Na ba ta kuɗin goro, ta sa mini albarka, abokina ya ta da babur.