Komin Dabbobi a Gaban Kotu

Kowace shekara idan Kirsimeti ya gabato, gardama takan tashi a wasu garuruwan Amurka a kan ko ya dace a kafa siffar haihuwar Yesu, wato jariri cikin komin dabbobi tare da Maryamu da Yusufu da makiyaya, a filin ƙaramar hukuma. Tsarin mulkin ƙasar ya hana gwamnati kafa addini, ya kuma kāre 'yancin sujada. Daga nan ne kowane ɓangare yake ɗauko hujjarsa.

A shekara ta 1984 Kotun Ƙoli ta duba ƙarar garin Pawtucket na Jihar Rhode Island. Alƙalai 5 cikin 9 suka yarda garin ya ci gaba da kafa siffar, domin tana tsakiyar itacen Kirsimeti da gidan Santa Kulos da sauran kayan ado, suka ɗauke ta a matsayin al'adar biki. A 1989 kuwa kotun ta ce siffar da aka kafa ita kaɗai a matakalar kotun gundumar Allegheny a birnin Pittsburgh, da mala'ika riƙe da rubutun yabon Allah, ta saɓa wa tsarin mulki. Amma ta bar fitilar idin Yahudawa da ke tsaye kusa da itacen Kirsimeti a ƙofar wani ginin hukuma. A 2022 kotun ta yi watsi da ma'aunin da ta bi a waɗannan shari'u, duk da haka darasinsu yana nan.

Mai bi ya lura da farashin nasarar farko. An ba komin wuri sa'ad da aka lasafta shi cikin kayan ado, aka ɗauke shi sa'ad da ya yi wa'azi a fili. Wanda ya nemi wuri a filin Kaisar, da sharuɗan Kaisar zai zauna. Ikilisiyar da ta yi murna domin an kira Ubangijinta al'ada ta yi asarar da ta fi ta faɗuwa a kotu.

Ba laifi ba ne Kirista ya nemi hakkinsa. Manzo Bulus ya tsaya a kan 'yancinsa na ɗan Roma, har ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar (Ayyukan Manzanni 22 da 25). Sai dai filin hukuma na dukan masu biyan haraji ne, abin da aka ba ɗaya dole a ba saura. A garin Santa Monica na Kalifoniya, inda ikilisiyoyi suka yi shekaru fiye da hamsin suna kafa siffofin a wani filin shaƙatawa, an raba wurare ta ƙuri'a a 2011, marasa yarda da Allah suka kwashe mafi yawa. A 2012 hukumar garin ta hana kowa barin kayansa a filin, sai ikilisiyoyin suka koma filin da ba na gwamnati ba.

Luka ya shaida cewa an kwantar da Mai Ceto a komi ne domin babu ɗaki a masauki (Luka 2:7). Kaisar Augustas bai san an haife shi ba, Hirudus kuwa ransa ya nema. Duk da haka makiyaya suka baza labarin ba tare da hatimin hukuma ba.

Saboda haka iyalin Kirista su fara bincika gidansu. Uban da yake fushi domin an cire komi daga harabar hukuma, amma bai taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta wa 'ya'yansa labarin Baitalami ba, ya bar jaki yana dukan taiki. Bari iyaye su tara yara su koya musu dalilin zuwan Almasihu, su tuna da gwauraye da marayu, su aika wa maƙwabci abinci ko da ba addininsu ɗaya ba. Idan kuma ta kama a nemi hakki, a nema da tawali'u da ladabi, kamar yadda 1 Bitrus 3 ya koyar. Ubangiji ya ba jama'arsa hikimar yin haka. Amin.